Tsayuwar Karkata

Daga bakin Auta maganar ta fito, tana dariya ma, ita a ganinta labarin ban dariya ta kawo. Ta zo gidan iyayenta da yamma, ta zauna a falo tana taya Mama tsintar shinkafa, sai ta ce:

"Mama, mijin nan nawa fa tsufa ya fara kama shi. Jiya na miƙa masa butar shayi, ya bar kofi a zaune ya tsiyaya wa tebur. Shekaranjiya kuma ƙofar banɗaki ya bangaza da kafaɗa, ƙofar da yake bi kullum. Na ce masa, kai da kake cafe ƙwallo a sama kamar an miƙo maka, kofi ne ya gagare ka?"

Mama ba ta yi dariya ba. Hannunta ya tsaya cak a cikin faranti, ta ɗago ta dubi mijinta. Shi kuwa yana kan kujerarsa ta bakin taga yana murza wa gwiwa man zafi, sai ya daina murzawar.

"Wace kafaɗar?" ya ce.

"Na'am, Baba?"

"Wace kafaɗar ya buga?"

Auta ta ɗan yi tunani, ta dafa tata. "Ta hagu."

"Ya ce miki yana ganin wani abu? Walƙiya, ko kamar ƙudaje na yawo a gabansa?"

"Kai, Baba, yaya aka yi ka sani? Rannan da rana tsaka ya tambaye ni ko hadari ne ya haɗo, wai ya ga walƙiya. Ga rana nan tarwai."

Mama ta kwashi farantin ta shige kicin, shinkafar ma ba a gama tsince ta ba.

Karkata ake kiran mahaifin Auta, kuma duk wanda ya san ƙwallo ya san sunan. Ya tsare raga shekara ashirin da 'yan kai a kulob ɗaya, da gwiwa ta ƙi shi sai suka ba shi horar da masu tsaron gida, ga shi har gashi ya yi fari yana kan aikin. Mijin Auta, wanda 'yan kallo suka raɗa wa Danƙo saboda ƙwallo ba ta faɗuwa daga hannunsa, yaronsa ne a fili tun kafin ya zama surukinsa a gida.

Sunan Karkata kuwa daga tsayuwarsa ya samo shi. In ya tsaya a raga ba ya fuskantar fili sak kamar sauran mutane, sai ya juya fuska hagu, haɓa ta kusa taɓa kafaɗa, yana kallon ɗan gaba a kaikaice. In aka bugo kwana daga hagu ba ya fita cafewa, sai ya daka wa 'yan baya tsawa su fitar da kai. Masu sharhi a rediyo har ƙasida suke yi a kai, wai dabara ce ta tsuke wa ɗan gaba hanya, wai kwarjini ne. Yara a lungu, da duwatsu biyu a matsayin raga, kowa ya karkata wuya.

Dabarar banza! Idonsa na hagu ne ya mutu.

Yana tsakiyar tashensa wani ɗan gaba ya zabga masa gwiwar hannu a ido wajen tsallen kwana. Da farko walƙiya ya riƙa gani, sai ƙudaje, sai wani baƙin labule ya fara jawowa daga gefe. Ya ce bari a gama kakar wasa tukuna. Da aka gama ya sulale ya je wurin likitan ido a wani gari inda ba a san fuskarsa ba. Likitan ya haska, ya ajiye fitilar, ya ce wani tantani ne a can bayan idon ya ɓanɓaro, kuma irin wannan kwanaki ake ƙirga masa, ba makonni ba. In labulen yana gefe ana iya liƙe shi, in ya rufe tsakiya sai dai haƙuri. Nasa ya rufe tun tuni. Idon dai yana nan a wurinsa, fari da baƙi, yana juyawa tare da ɗan'uwansa, babu mai cewa fanko ne. Karkata ya dawo gida ya koya wa wuyansa karkata, ya ci gaba da wasa, har da kofuna.

Mama kaɗai ta sani. Ita ke sa masa kofi a hannu maimakon ta ajiye a tebur, ita ke tafiya ta hagunsa in sun fita, ɗan gaba da shi kaɗan. 'Ya'yansu sun tashi suna ganin haka, sun ɗauka soyayya ce.

Da ya zama mai horarwa, samarin da aka kawo masa da wuyansu a karkace suka zo, don shi suke kwaikwayo tun suna ƙanana. To me zai ce musu? Ku miƙe wuya, ni makanta ce ta sa ni? Bai ce ba. Ya ma riƙa gyara musu, ƙara juyawa kaɗan, sauke haɓa. Duk golan da ya fito daga hannunsa haka yake tsayawa, da idanunsa biyu lafiyayyu.

Abin da ya fi damunsa a falon nan shi ne, ya san ƙwallon da ta jawo. Yana da wani atisaye da yake yi wa yaransa, ya tsaya dab da su ya riƙa ɗirka musu ƙwallo a saitin fuska don su daina kifta ido. Makon da ya wuce ɗaya ta kufce wa Danƙo tsakanin hannuwa ta same shi a idon hagu. Aka sa ƙanƙara, aka yi dariya, aka ci gaba. Daga ƙafar Karkata ta fita.

Auta na tafiya Mama ta fito tana goge hannu a jikin zani.

"Ka dai ji."

"Na ji."

"Gobe da safe ka sa shi a mota, sai asibitin ido."

"Asabar ne wasan ƙarshe na kofi. Yaron nan ya daɗe yana ɗumama benci kafin raga ta zama tasa, wannan ne karonsa na farko. In na ce—"

"A gama wasa tukuna, ko?" Ta kafe shi da ido. "Haka ka ce mini ni ma, ina da cikin yayan Auta. Ni na yi zamana, ban yi ƙorafi ba. Amma wallahi kada ka bari 'yata ta yi irinsa."

Washegari Talata ya riga kowa zuwa fili. Ya jera ƙwallaye, ya zauna a kan guda yana jira. Masu tsaron gida uku ne a kulob ɗin, suka fito tare suna ɗaure safar hannu, suka jeru a gaban raga, wuya uku a karkace. Duk wanda ya gan su zai ce iri ɗaya ne. Shi kuwa kallo ɗaya ya ishe shi. Biyu daga cikinsu in ƙwallo ta wuce wuyansu kan miƙe, su yi hira, su yi tsaki. Na Danƙo ba ya miƙewa. Ko ruwa zai sha a karkace yake sha, in kuma aka yi masa magana ta hagu, jiki gaba ɗaya yake juyowa.

Akwai ƙwallo guda da Karkata ya yi rayuwarsa yana tsoron ranar da wani zai gano ta. Ba mai ƙarfi ba ce. Mai ƙarfi ana karanta ta a ƙafar mai bugu, ana jin ƙararta. Wadda ke kashe mai ido ɗaya ita ce wadda aka ɗaga sama a hankali daga can gefen hagu, ta yi lilo a iska ba ƙara, ta sauko a bayan kunne. Mai ido biyu ko yaro ne zai cafe ta yana hamma. Mai ido ɗaya ba ya sanin nisanta, wani sa'in ma ba ya sanin ta taso. A duk filin nan babu wanda ya san wannan sai shi.

Ya tura ƙwallo da ƙafa har gefen hagu, ya taka ta. Babban koci yana tsaye kusa da layi da usur a baki, 'yan jarida sun manne da shingen waya suna ɗaukar hoto saboda wasan Asabar. Ɗagawa ɗaya kawai, kowa zai gani da idonsa, a ɗauki yaro a kai asibiti kafin azahar. Amma in suka gani za su tambaya yaya aka yi ya san wurin. Daga nan sai a dubi wuyan sauran biyun, sai a dubi nasa. Shekarun nan duka, kofunan nan, hotonsa da ke rataye a ofishin kulob da haɓa a kafaɗa. Ga kuma kunyar suruki, ya tozarta mijin 'yarsa a gaban jarida.

Sai ya ce wa kansa ai abin da za a yi cikin sirri ya fi. Ya jawo ƙwallon ya dawo tsakiya, ya buga ta a ƙirjin Danƙo, Danƙo ya rungume. Haba Karkata! Mutumin da ya saba jefa fuskarsa a ƙarƙashin takalman 'yan gaba, ranar nan tsoro ne ya kama shi, ba wani abu ba.

Bayan atisaye ya ce Danƙo ya taya shi kai buhun ƙwallaye ɗakin ajiya. Ɗaki ne matsattse, ba taga, sai warin roba da tsohon gumi. Ya tura ƙofa ya jingina da ita.

"Labulen ya kai ina?"

Danƙo ya ajiye buhun a hankali. "Wane labule, Baba?"

"Kada ka raina mini hankali. Baƙin da ke jawowa daga gefen idonka. Ya kai ina?"

Danƙo ya yi ƙasa da kai. Ƙato ne, ya fi surukinsa tsawo, amma a gabansa kullum kamar yaro yake. Can ya ɗaga yatsa ya nuna gefen idon. "Nan ne kawai. Ɗan kaɗan. Tsakiya ina gani garau. Baba, don Allah kada ka faɗa wa kowa. Ana busa usur ɗin tashi ranar Asabar, ko wanka ba zan yi ba, sai asibiti."

Kalmomin nan Karkata ya san su, nasa ne. Sai ya yi abin da bai taɓa yi wa wani ɗa namiji ba. Ya sa tafin hannu ya rufe idonsa na dama.

"Ɗaga yatsunka. Ko nawa ka ga dama."

Danƙo ya ɗaga.

"Ban san ko nawa ka ɗaga ba. Ban ma san ko kana tsaye a gabana ba. Tun kafin a haifi matarka nake haka." Ya sauke hannun, ya kwashe labari ya faɗa masa, gwiwar hannun, walƙiyar, a gama kaka tukuna, da abin da likita ya ce game da kwanaki. "Tsayuwar da nake koya muku ba dabara ba ce, sandar makaho ce. Yanzu ka ji. Ɗauko makullin motarka."

Danƙo ya tsaya baki buɗe yana kallonsa. Karkata ya ɗauka tsoro ne ya shige shi, har ya fara jin sauƙi. Sai ya ga fuskar tana washewa.

"Baba, kofin farko da ka ɗaga, da ido ɗaya ne?"

"Ba wannan nake faɗa maka ba."

"Da fenaretin nan biyu da ka tare a wasa guda? Duk da ido ɗaya?" Ya matso kusa. "Ashe ana yi! Wallahi kwana nake ina cewa tawa ta ƙare. Ashe ana yi, Baba. Ni ma wasa ɗaya kawai nake roƙo."

"Kai, saurare ni!"

Ina! Danƙo ya kama hannunsa da hannu biyu ya yi godiya, ya zame ta gefen ƙofa ya fita, tafiyarsa ma ta canja. Karkata ya zauna a kan buhun ƙwallaye. Sirrin da ya ɓoye rabin rayuwarsa ya fito da shi don ya tsorata yaro, ga shi ya zame wa yaron maganin ƙarfin gwiwa.

Ranar Laraba Karkata ya sami babban koci a ofis, ya ce yana zargin idon Danƙo bai warke ba. Nasa idon bai ambata ba. Koci ya kira ma'aikacin jinyar kulob, mutumin da aikinsa targaɗe ne da ciwon cinya. Aka zaunar da Danƙo, aka rufe masa idon dama, aka ɗaga masa yatsu a saitin hanci. Ya faɗa daidai. Aka nuna masa kalanda a bango, ya karanta har ƙananan rubutun.

"Ta gefe za ku gwada," in ji Karkata. "Ku dubi wuyansa mana."

Koci ya ƙyalƙyale da dariya. "Baba, wuyan wa ya miƙe a cikin yaranka? Ai kai ka karkata mana su duka. Ko dai Auta ce ta ce a dawo mata da miji gida ya huta?"

Kowa ya yi dariya ban da mutum biyu. Danƙo ya tashi ya fita bai dubi surukinsa ba, kuma daga ranar gaisuwa kawai ke haɗa su, ita ma a taƙaice.

Mama ba ta jira izinin kowa ba, ta kira Auta ta faɗa mata komai, har da na mahaifinta. Auta ta yi kuka, ta je ta yi wa mijinta kuka, ta ɓoye masa safar hannu, ya sayi wata. Ya rantse mata ranar Asabar daga fili sai asibiti, ita ma ta zo ta jira shi da mota a bakin ƙofa. A haka aka tsaya. Alhamis ta wuce, Juma'a ta wuce. Karkata yana fita atisaye yana buga wa Danƙo ƙwallo a ƙirji, yana lura da wuyan nan kullum yana ƙara juyawa. A gida Mama ta ci gaba da sa masa kofi a hannu, amma ba ta ce masa uffan.

Asabar ta zo da rana mai zafi. Tun daga ɗakin sauya kaya ana jin rurin 'yan kallo ta cikin siminti. 'Yan wasa na ta ɗaure takalma, wani na tsalle, wani ya toshe kunne da waƙa. Danƙo yana can kusurwa shi kaɗai. Karkata ya ɗauki gorar ruwa ya je ya miƙa masa, a gabansa sak, ba ta gefe ba.

Danƙo ya miƙo hannu ya damƙi iska. Tazarar ba ta fi faɗin yatsu uku ba. Ya sake miƙowa da sauri ya kama, ya ɗaga ya sha kamar ba a yi komai ba. Hannun nan ne aka ba shi suna dominsa.

"Ya kai tsakiya?" Karkata ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Lokacin fita ya yi, Baba."

Masu tsaron gida su ke fara fita ɗumama jiki, su da mai horar da su, kafin sauran 'yan wasa. Wannan ɗumamawa tana da ƙa'idarta da ba a rubuta ba, amma duk mai horarwa ya san ta. Ba a cin gola a ranar wasa. Ƙwallon da zai kama ake ba shi, ɗaya bayan ɗaya, hannu ya yi ɗumi, zuciya ta kwanta, 'yan kallo su ga namiji ne a raga. Ta ƙarshe kuwa a ƙirji ake sa masa, ya rungume, a tafa hannu a koma ciki. Karkata bai taɓa karya wannan ba, shi da aka karya masa sau ɗaya yana saurayi bai sake yi wa mai horarwar magana ba.

Suka fito, fili ya ɗauki ihu, ana kiran Danƙo, Danƙo. Karkata ya zube ƙwallaye a tsakiya inda aka saba. Ya tsaya yana kallonsu. Can a layin gaba na 'yan kallo ya hango Auta, ta riƙe makullin mota a hannu, Mama na gefenta. Sai ya fara tura ƙwallayen da ƙafa zuwa gefen hagu, har bakin layi.

Danƙo ya gane. Daga nesa ma Karkata ya ga kafaɗunsa sun sauka.

Ya ɗaga ta farko. Ta tashi a hankali kamar ba ta son tafiya, ta yi lilo, ta sauko. Danƙo ya fito ya yi tsalle, ya haɗa hannu biyu a sama, ƙwallo ta faɗo a bayansa ta gangara cikin raga. 'Yan kallo suka yi dariya, sun ɗauka wasa yake musu.

Ya ɗaga ta biyu. Wannan Danƙo bai ma yi tsalle ba, yana waige-waige ta faɗo a gefensa.

Ta uku ta same shi a kafaɗa. Dariya ta ɗauke. Filin nan mai cike maƙil ya yi tsit, har ana jin tsalle-tsallen ƙwallon a kan ciyawa. A ɗaya ɓangaren mai horar da abokan karawa ya daina abin da yake yi, ya taɓo mataimakinsa yana nuna masa da haɓa.

"Baba!" Muryar Danƙo ta iso shi sarai. "Baba, don girman Allah."

Karkata ya jawo ta huɗu. Idonsa mai gani ya cika da ruwa, har shi ma da ƙyar yake ganin ragar, amma ƙafar ta san hanya. Ya ɗaga. Ya ɗaga ta biyar. Daga bayan raga aka fara zaginsa, wani ya jefo gorar ruwa, wani ya ce tsohon nan an saye shi ne. Danƙo ya daina motsi gaba ɗaya, ya tsaya a tsakiyar raga da hannuwa a sake, ƙwallaye na faɗowa a kusa da shi.

Babban koci ya taho a guje, ya damƙi rigarsa. "Ka haukace ne? Me kake yi mana?"

"Ba ya gani," in ji Karkata, da ƙarfi, har masu ɗaukar hoto na bakin layi suka juyo. "Idonsa na hagu ya tafi, ko yana tafiya. Na san wurin da ake sa ƙwallon ne saboda ni ma ban taɓa ganin ta ba. Nawa ya mutu tun ina wasa, shi ya sa nake karkata. Sa gola na biyu a raga, ka ba ni wannan in kai shi asibiti."

Koci ya sake rigar. Ya dubi Karkata, ya dubi Danƙo, ya dubi ƙwallayen da ke kwance a cikin raga. Sai ya juya ya ƙwala wa gola na biyu kira.

Suka shiga mota, sai asibiti. Auta na tuƙi tana share hawaye da bayan hannu, Danƙo na gefenta da kayan wasa a jikinsa, ko safar hannun bai cire ba.

Likitar ido mace ce, sai da aka kirawo ta daga gida. Ta ɗiga masa magani, ta jira, ta haska ta daɗe tana kallo. Da ta ajiye fitilar, Karkata ya san irin wannan ajiyewar.

"Yaushe tsakiyar ta dushe?"

Danƙo ya ce, "Yau da safe. Na tashi na ga rabin fuskar matata babu."

"Za mu shiga da shi yanzu, za mu yi iya yinmu. Amma ba zan yi muku ƙarya ba, kada ku sa rai da yawa. Da labulen yana gefe kuka zo, da wani zance ake yi."

"Likita," in ji Karkata. "Da Talata aka kawo shi fa?"

Ta dube shi. "Da Talata ne, Baba, da sai in ce maka ka je gida ka kwantar da hankalinka."

Aka tura Danƙo ciki. A ɗakin jira akwai talabijin a manne da bango, an kashe murya, ana nuna wasan. Ga gola na biyu a raga, saurayi mai idanu biyu ƙalau, ya juya fuska hagu, haɓa a kafaɗa. Karkata ya tashi ya koma kujerar da ta ba talabijin ɗin baya. Har yau in ka tambaye shi nawa aka tashi, sai ya yi tunani.

Ranar da aka sallami Danƙo su huɗu suka fito tare. An liƙe masa idon da farin bandeji. Likita ta ce sai nan gaba za a san abin da ya rage, amma yadda ta faɗa ɗin ya isa. Danƙo ya gaida surukinsa da safen nan, ya rusuna kamar kullum, daga nan bai ƙara ba.

An ajiye motar a tsallaken titi, titin kuwa babura da motoci ba sa tsayawa kowa. Auta ta riƙe hannun mijinta na dama tana jiran hanya. Sai Mama ta bar inda take, ta je ta kamo ta, ta zagayo da ita ta hagunsa.

"Ta nan za ki riƙa bi daga yau," ta ce mata a hankali, amma Karkata ya ji. "Ɗan gaba da shi kaɗan. Kada ki riƙe shi, ba sa so. Kofi kuma a hannu ake sa musu, ba a tebur ba."

Auta ta gyaɗa kai, ta saki hannun. Hanya ta buɗe, suka tsallaka su uku, Mama na biye tana gyara mata taku.

Karkata ya sa ƙafa zai bi su, wani babur ya danno masa oda ta hagu ya wuce fuu, iskarsa ta kaɗa masa riga. Ya ja da baya. Ya juya hagu inda ya saba ganin gefen mayafinta, babu kowa a wurin. Ya tsaya a bakin titi yana jira ta dawo ta ɗauke shi.